Kafin a Aika Saƙo Maraɗi: Zaɓar wa Kwamfutar Tebur Sabon RAM a Dakoro

Ƙara biyar a jere, ƴar fitilar makunni tana ƙifta ja sau biyar, allo kuma baƙi ƙirin. Duk wanda ya daɗe da zama gaban tsofaffin kwamfutocin HP Compaq, irin waɗanda ake yawan gani a ofisoshi da shagunan buga takardu, ya san wannan kukan. Kamfanin da ya ƙera su ya rubuta ma'anarsa a littafin gyara: injin ya farka, ya nemi RAM, bai sami wanda zai iya aiki da shi ba.

A Yamai ko Kano wannan matsalar rabin yini ce. Mutum ya ɗaura akwatin a bayan babur, ya kai kasuwa, a gwada masa baret, wato sandar RAM, uku ko huɗu, ya biya wanda ya kama. A Dakoro lissafin daban ne. Garin yana arewa da Maraɗi da tazarar fiye da kilomita 100, a kan hanyar da ta bi ta Tibiri da Kornaka, can kusa da kwarin Tarka inda gonaki ke fara ja da baya, makiyaya na karɓar fili. Babban gari ne mai ofisoshin hukuma da asibiti da makarantu da ƙungiyoyin agaji, kuma kowannensu da takardun da ke jiran kwamfuta. Sai dai kayan gyara, musamman wanda ba kowa ke nema ba, galibi daga kudu yake zuwa. A tura kuɗi ta Nita ko Amana, ɗan uwa ko aboki ya shiga kasuwa a Maraɗi, ya ba direba a tasha. Idan abin ya iso bai shiga ba, ko ya shiga injin ya ƙi tashi, an yi asarar kuɗin mota, an yi asarar kwanaki, kuma mai kaya ba lalle ne ya karɓi abinsa ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mafi yawansa ana iya kauce masa tun kafin a taɓa aljihu.

Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne, mai injin ba shi da zaɓi mai yawa a wannan ciniki. Babban faifan da ke cikin akwatin, wanda masu gyara ke kira kart-mer, shi ne ya riga ya yanke irin RAM ɗin da zai karɓa tun ranar da aka ƙera shi. Aikin mai saye shi ne ya gano abin da aka yanke.

Me RAM ɗin yake yi ma tukuna? Diski rumbu ne, RAM kuma turmi. Hatsin shekara yana rumbu, amma wanda ake dakawa yanzu yana cikin turmi, kuma idan turmin ƙarami ne sai a yi ta zirga-zirga zuwa rumbu. Wannan zirga-zirgar ce mai shago ke gani ya ce injinsa ya yi nauyi: ya buɗe Word da Excel, ya buɗe shafuka shida a Chrome, linzami ya fara jan ƙafa, abokin ciniki na tsaye da takardar neman aikinsa yana kallon agogo. Da zarar wuta ta ɗauke kuma, duk abin da ke cikin RAM ya tafi, domin shi ba ya riƙe komai sai da lantarki. Haka aka ƙirƙiro shi tun asali. Injiniya Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya fito da dabarar a 1966, kuma har yau kowane ɗigon bayani ɗan caji ne da ke yoyo, wanda dole injin ya riƙa sabunta shi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa.

Amma kafin a aika saƙon saye, akwai tambayar da ta fi dacewa da gari irin Dakoro: shin baret ɗin ya mutu ne da gaske? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zuba ƙura mai laushi a kan komai, fankar injin kuma tana zuƙar ta ciki dare da rana. Ƙurar tana kwanciya cikin gurbin da baret ke zama, ta shiga tsakanin haƙoransa masu ruwan zinariya da ƙarafan gurbin. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana sa ƙarfe da roba su riƙa buɗewa suna tsukewa. Ga kuma girgizar hanya, idan an taɓa ɗauko injin a bayan mota. Sau da yawa ƙaran nan biyar ba su nufin komai illa baret ya ɗan goce daga mazauninsa.

Gwajin ba shi da wuya. A zare wayar wuta daga bango, a danna makunni na ƴan daƙiƙoƙi don sauran cajin ya fita, sannan a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki. Wannan taɓawar ba camfi ba ce. Tartsatsin da ke tashi idan mutum ya ja bargo da daren hunturu ya isa ya kashe ƙwayar RAM, kuma busasshiyar iska ce ke haifar da shi. A buɗe ƴan maƙallan da ke gefe biyu, baret zai ɗago da kansa. A riƙe shi ta gefe, a goge haƙoran a hankali da abin goge fensir mai tsabta, a kakkaɓe, a hure gurbin da abin hura iska, a mayar, a danna har maƙallan su rufe da kansu. Idan baret biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurabe daban-daban. Ta haka ake gane ko baret ne ya lalace ko gurbin. Wanda gurbinsa ya mutu, ko ya sayo sabo dal daga kwali, bai yi maganin komai ba.

To, a ce an tabbatar ya mutu, ko kuma yana da rai amma ya yi kaɗan. Sai a juya shi a karanta ƴar takardar da ke manne a jikinsa. Duk abin da ake buƙata yana cikin layi ɗaya, misali: 4GB 2Rx8 PC3-12800U.

Na farko girmansa ne, giga 4, kuma shi kaɗai yawancin masu saye ke dubawa. Sauran sun fi shi muhimmanci. PC3 na nufin zuriyar DDR3. Zuriyoyin sun biyo juna ne: DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, ya shiga kasuwa sosai a ƙarshen 2021. Babu wanda ke shiga gurbin wani. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, wajen santimita 13, amma giɓin da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya yake ba. DDR4 da DDR5 haƙora 288 ne, su ma giɓinsu ya sha bamban. An yi haka da gangan, domin kowace zuriya da ƙarfin wutar da take sha: volt 1.8 ga DDR2, 1.5 ga DDR3, 1.2 ga DDR4, 1.1 ga DDR5. Baret ɗin da ya ƙi shiga da ɗan dannawa, ba ƙarfi ya rage ba. Masu gyara sun sha ganin kart-mer da aka karya wa gurbi saboda wani ya ɗauka taurin kai ne kawai abin yake yi.

Lambar 12800 gudunsa ce, wato abin da ake kira DDR3-1600. Mai 10600 shi ne DDR3-1333. A nan ba a cika samun rigima ba. Idan aka haɗa mai sauri da mai nawa, duka biyun sai su koma tafiyar mai nawa, kuma a aikin buga takardu da lissafin Excel ba wanda zai ji bambanci. Biyan ƙarin kuɗi don lambar gudu, a kan injin ofis mai shekara goma, almubazzaranci ne.

Harafin ƙarshe ne ke cin kuɗin mutane. U shi ne na kwamfutar tebur ta yau da kullum. S na laftof ne, gajere, kusan rabin tsawon na tebur. R kuwa na manyan injunan ajiyar bayanai ne na kamfanoni, kuma shi ne tarkon da ya fi kowanne kyau a ido. Idan kamfanonin Turai da Amurka suka sauya injunansu, irin wannan RAM ɗin yana malalowa kasuwar kayan hannu da yawa, da araha, wani har da rigar ƙarfe mai ƙyalli. Mai kaya ya ɗaga shi ya ce, "Alhaji, wannan giga 8 ne, kuɗin giga 4 zan ba ka." Ba lalle ne ƙarya yake yi ba, giga 8 ɗin ne. Zai ma shiga gurbin daram, domin giɓinsa ɗaya da na tebur. Amma injin ba zai tashi ba, saboda akwai wata ƙwaya a tsakiyar baret ɗin da furosesar kwamfutar tebur ba ta san yadda ake magana da ita ba. Mai harafin E shi ma na injunan kamfanoni ne. Wasu kwamfutocin tebur na haƙuri da shi, wasu na ƙi, don haka mai saye daga nesa ya bar shi.

Akwai kuma abin da ke rikita har waɗanda suka ɗan san aikin. Ba duk kwamfutar tebur ce ke cin dogon baret ba. Ƴan ƙananan akwatunan nan da ba su fi girman littafi ba, OptiPlex Micro na Dell, ThinkCentre Tiny na Lenovo da makamantansu na HP, gajeren baret na laftof suke ɗauka. Suna da farin jini inda ake aiki da hasken rana da batir saboda ba su shan wuta sosai. Wanda ya ce wa ɗan aike "na tebur" kawai, dogon za a kawo masa.

Misali mafi kyau na yadda sunan inji ke yaudara yana cikin dangin Dell OptiPlex. Samfuran 3040, 5040 da 7040 sun fito lokaci ɗaya, da furosesar Intel zuriya ta shida, kuma a ido ƴan gida ɗaya ne. Amma 7040 DDR4 yake ci, su kuwa 3040 da 5040 DDR3L. Wannan L ɗin na nufin mai shan volt 1.35, kuma a takarda ana rubuta shi PC3L. Ƙa'idar a nan hanya ɗaya take bi: baret mai L yana iya aiki a tsohon injin DDR3, kamar OptiPlex 790 ko 7010, domin yana jure volt 1.5. Amma DDR3 maras L ba a yi shi don injin da ke neman mai L ba. Saboda haka idan mai saye yana shakka tsakanin su biyun, mai L ya fi aminci.

Saura 2Rx8, wanda kusan ba wanda ke karantawa, alhali shi ne ke yanke hukunci a kan injunan da suka fi tsufa. Kwamfutocin zamanin Core 2 Duo masu cin DDR3, irin OptiPlex 380 da 780 ko HP Compaq 8000 Elite, an ƙera su ne lokacin da ƙwayoyin RAM ke ƙanana. Baret mai giga 4 na wancan zamani baƙaƙen ƙwayoyi 16 gare shi, takwas a gaba takwas a baya, shi ne 2Rx8. Daga baya aka koma yin giga 4 da manyan ƙwayoyi takwas a fuska ɗaya, 1Rx8. Zuriya ɗaya, gudu ɗaya, harafin U ɗaya, amma tsohon injin sau da yawa ba ya gane sabon. Mai irin wannan inji ya gaya wa ɗan aikensa da baki: a ƙirga ƙwayoyin, a juya baya a ga akwai. Haka kuma akwai wasu masu arha da ake rubuta wa cewa na AMD ne kawai. Gaskiya suka faɗa, ba sa tashi a kan Intel.

Idan injin yana tashi, shi da kansa zai ba da labarin cikinsa ba tare da an buɗe shi ba. A Windows 10 ko 11, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen da ke nuna ƙoƙarin injin, a zaɓi memori. Zai nuna giga nawa ne, gudu nawa, gurabe nawa aka cika cikin nawa. Ƙaramar manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana ƙarawa da sunan kamfanin da ya yi baret ɗin da lambar samfurinsa, sau da yawa har da mako da shekarar da aka yi shi, domin tana karanta wata ƴar ƙwaya da ke ɗauke da shaidar baret ɗin. Hoto uku a WhatsApp sun wadatar: takardar tsohon baret, lambar samfurin da ke jikin akwatin, da wannan shafin. Mai kayan da ya san aikinsa ba zai nemi ƙari ba. Wanda ya kalli hotunan ya ce "duk ɗaya ne, Malam", to a nemi wani shagon.

Nawa za a saya? Kowane kart-mer da iyakarsa. OptiPlex 3020, alal misali, gurabe biyu gare shi, kuma giga 16 ne ƙarshensa. Ga shagon buga takardu da ke kan Windows 10, giga 4 takura ce, giga 8 walwala ce, giga 16 kuma sai mai haɗa katin biki da kalanda a Photoshop ko CorelDRAW. Gara giga 4 guda biyu masu kama ɗaya da giga 8 guda ɗaya, domin injin yana ɗebowa daga biyun a lokaci guda, muddin an sa su a gurabe masu launi ɗaya. Sai dai mai gurabe biyu kacal da ke da niyyar ƙarawa nan gaba, gara ya sayi babba ɗaya ya bar gurbi a buɗe.

Akwai wani shinge da ba a gani da ido. Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da fiye da giga 4, a aikace ma uku da ɗan wani abu yake gani. Tsofaffin injuna da yawa da irinsa aka ɗora musu tun zamanin Windows 7. A zuba musu giga 8, su ci gaba da nauyinsu kamar ba a yi komai ba, har sai an sake ɗora mai bit 64. Wannan aiki ne da ke buƙatar a kwashe takardun mutane a ajiye tukuna, don haka a sa shi cikin lissafi tun farko.

Kasuwar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba a ƴan shekarun nan. Kayan kwamfuta na hannu sun saba shigowa Maraɗi ta hanyoyi biyu da aka sani: ta Najeriya, daga Computer Village na Ikeja a Legas zuwa shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, su bi ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, ko kuma ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano a Benin. Ana gane asalin inji ma daga madannansa, AZERTY na ƙasashen Faransanci, QWERTY na ɓangaren Ingilishi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyoyin biyu suka toshe. Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma zagayowa ta Lome.

Sai kuma wata guguwar daga can nesa. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Sunaye irin Kingston, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1987, ƙwayoyin waɗannan suke saye su jera a kan baret. A 2025 manyan ukun suka karkata masana'antunsu ga RAM na musamman da injunan ƙirƙirarriyar basira ke haɗiya, suka fara janye hannu daga DDR4. A tsakiyar shekarar aka ga abin da ba a saba gani ba, tsohon DDR4 ya fi sabon DDR5 tsada a kasuwar sari, kafin ƙarshen shekara kuma farashin duka biyun ya yi tashin gwauron zabi. A Disamba Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayan Crucial, sunan da masu gyara suka daɗe suna amincewa da shi. Mai shago a Dakoro bai taɓa ganin waɗannan masana'antu ba, amma jakunkunan sefa da ake ƙara masa a kan baret ɗaya daga can suka samo asali.

Wannan ya sa baret ɗin da aka ciro daga wani injin ya ƙara daraja, kuma babu aibu a cikinsa. RAM ba shi da abin da ke juyawa balle ya cinye; na Samsung ko Hynix da aka ciro daga injin ofis yana iya ƙara shekaru yana aiki. Ya ma fi wani "sabo" mai suna sananne a kwali, wanda takardarsa ke cewa abu ɗaya CPU-Z na cewa wani. Abin da ya kamata a ƙulla da mai kaya tun kafin a tura kuɗi shi ne sharaɗin gwaji: in bai yi ba, a musanya. Ranar da ya iso kuma, tashin injin kaɗai ba shaida ba ne. A sa manhajar gwaji ta MemTest86 a kan kilen USB, a tayar da injin da shi, a bar shi ya zagaya sau da yawa, gara da dare lokacin da ba a aiki, in akwai batir ko ondilar da zai riƙe wuta. Kuskure ko ɗaya ya bayyana, baret ɗin na komawa ne. Baret mai ciwo ba ya kashe inji nan take. Shuɗin allo yake kawowa jefi-jefi, ko ya lalata fayil a ɓoye, sai ranar da za a buga sakamakon jarrabawar ɗalibai a tarar takardar ta ƙi buɗewa.

Akwai inda ya kamata a ce wa mai inji ya riƙe kuɗinsa. Idan shafin ƙoƙarin injin ya nuna memori bai cika ba, amma diski na tsaye a kan kashi 100 kullum, to ciwon ba na RAM ba ne. Tsohon diski mai juyawa ne ya gaji, kuma ƙaramin diski irin na SSD zai sauya injin fiye da duk wani baret. Idan kuma injin DDR2 ne, irin OptiPlex 755 na 2007, manyan baret ɗinsa sun yi wuya, tsadarsu ba ta dace da amfaninsu ba. Ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesar Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama. Injin DDR3 mai giga 8 da SSD zai ci gaba da buga takardun neman aiki da rahotannin ƙungiyoyi ba tare da matsala ba, musamman in ba a cika shiga intanet da shi ba. Na DDR2 kuwa, kuɗin baret ɗinsa gara a tara su a kan akwati na hannu mai DDR4, a ciro diskin tsohon a kwashe takardun da ke ciki kafin shi ma ya tsaya.